BADAGIRI: GARIN TARIHI A BAKIN TEKU, AMMA INA BAƘO ZAI KEWAYA?

Duk garin da ya kaɗa ganga ya ce baƙi su zo su ga abin da Allah Ya hore masa, to, ya ɗora wa kansa nauyi uku: ya nuna musu hanya, ya ba su ruwa, ya kuma tanadar musu wurin da za su kewaya idan bukata ta taso. Na farko da na biyu kowa yana faɗinsu a bainar jama'a. Na ukun kuwa kunya ta hana a ambace shi, saboda haka shi aka fi mantawa da shi sa'ad da ake tsara gyaran gari. Amma duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya da iyali, ko da dattijo, ko da 'yan makaranta, ya san na ukun nan shi ne yake yanke hukunci, ko baƙo ya wuni a gari ko ya juya tun kafin la'asar. Da wannan ma'auni nake so mu auna Badagiri ta Jihar Legas, ɗaya daga cikin garuruwan bakin teku da mutanen ƙasar nan suke zuwa hutu da buɗe ido.

INDA GARIN YAKE

Badagiri, wadda za ka ga an rubuta Badagry a taswira, tana yamma da birnin Ikko da kimanin kilomita 60, a kan babbar hanyar da ta nufi Seme, bakin iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Daga garin zuwa iyakar kilomita 20 ne da 'yan kai. Yawancin mutanenta Egun ne, tare da Yarabawa da sauran kabilu, Akran kuwa ake ce wa sarkinsu. Sana'arsu kamun kifi da noman kwakwa da ciniki. Garin bai zauna a kan tekun sosai ba. Akwai wani dogon gulbi mai kwantaccen ruwa da ya raba shi da wani siririn tudun rairayi, bayan tudun nan ne Tekun Atilantika yake ruri dare da rana.

Sunan garin ba baƙo ba ne a tarihin Arewa. Daga nan ne Baturen nan Kyaftin Hugh Clapperton ya tashi a watan Disamba na 1825 tare da baransa Richard Lander, ya bi ta ƙasar Yarabawa da Bargu, ya haye Kwara kusa da Busa, ya isa Kano, sa'an nan ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda zazzaɓi da atuni suka yi ajalinsa a watan Afrilu na 1827. A zamaninmu kuma manyan ma'aikata da yawa daga jihohin Arewa sun san Topo, inda kwalejin horar da ma'aikatan mulki ta ASCON take, wadda aka kafa a 1973. Ɗaliban Faransanci na jami'o'inmu suna zuwa Ƙauyen Koyon Faransanci da ke Ajara, wanda aka kafa a 1991. Fatakenmu masu zuwa Kwatano kuma ta gefen garin suke ratsawa. Watau dai maganar Badagiri ta shafe mu.

TUN DAGA HANYA

Matsalar baƙo tun a mota take somawa. Hanyar ta tashi daga wajen Mile 2, ta bi ta Festac da Ojo, ta wuce Alaba Rago inda 'yan Arewa suka daɗe suna cinikin dabbobi da kayan abinci, ta ratsa Okokomaiko da Agbara, kafin ta faɗa babban shataletalen Badagiri. Tun 2009 aka soma aikin faɗaɗa ta. Idan hanya ta buɗe, tafiyar ba ta da wahala. Idan kuwa cunkoso ya kama, sai ta ci sa'a uku ko fiye, mutum yana zaune a takure.

Mu shida muka yi ziyarar, har da wani dattijo mai ciwon sukari, da mata biyu, da yarinya 'yar shekara bakwai. Masu karatu sun san halin mai ciwon sukari da yawan bawali. Kafin mu kai Agbara sau biyu muka roƙi direba ya ratse gidan mai. A na farko aka ce mabuɗin makewayin yana hannun wani da ya fita. A na biyu aka buɗe mana, ga ɗaki ga masai, amma babu ɗigon ruwa a famfo, sai da muka sayi ruwan leda muka cika buta. Tun daga nan matan suka daina shan ruwa. Wannan ita ce dabarar da mata suke yi a kowace tafiya: su hana kansu sha tun safe don gudun abin kunya, alhali kuwa likitoci sun sha faɗa cewa ƙishirwa da riƙe bawali suna jawo ciwon mafitsara.

ABIN DA BAƘO ZAI GANI

Gaskiya garin yana da abin nunawa, mafi yawansa kuma a jere yake a kan titin bakin gulbi da ake kira Marina, mutum yana iya zagaya shi da ƙafa. Akwai benen da mishan na CMS suka gama ginawa a 1845, wanda mutanen garin suke kira bene na farko a Nijeriya. Bakatsinen da ya san Hasumiyar Gobarau zai yi murmushi, amma dai shi ne aka sani na farko a irin ginin Turawa. Samuel Ajayi Crowther, wanda ya yi aikin juya Baibul zuwa Yarabanci, ya zauna a cikinsa. A harabar gidan akwai tsohuwar rijiya mai ruwan daɗi, wadda masu kula da wurin suke cewa tun 1842 aka haƙa ta. Ba da nisa ba akwai alamar da aka kafa a gurbin itacen Agiya, inda Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kirista a watan Satumba na 1842. Itacen ya faɗi a 1959. Akwai kuma gidan kayan tarihi na garin a tsohon ofishin Di'o, ginin 1863, shekarar da Turawan Ingila suka haɗe Badagiri da mulkinsu na Ikko.

Abin da ya fi girgiza zuciya shi ne kayan cinikin bayi. A gidan tarihin zuriyar Mobee za a nuna maka sarƙoƙi da mari da ƙarafan da ake ɗaure wuya da su. Akwai filin kasuwar Vlekete inda ake gwanjon mutane. Sai kuma kurkukun bayi na Seriki Williams Abass, mutumin da shi kansa an taɓa bautar da shi, daga baya ya zama dillalin bayi, ya kuma riƙe sarautar shugaban Musulmin garin har ya rasu a 1919. Kalmar Seriki ɗin nan sarki ce ta Hausa, bakin Yarabawa ya sauya ta. Masu jagora suna cewa ɗakuna 40 ne a gidan, kowanne ana cusa mutum 40. Na shiga ɗaya daga cikin waɗanda suka rage. Ɗan ƙuƙumin ɗaki ne mai 'yar taga guda can sama. Da dattijonmu ya tambaya inda mutanen suke biyan bukatarsu, sai mai jagora ya nuna masa ƙasan ɗakin da hannu. Ba wanda ya ƙara magana a cikinmu. Kada kuma mu ɗauka abin bai taɓa mu ba: cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa akwai Hausawa, har tarihin Bahiya ta ƙasar Barazil ya ambace su a yunƙurin bayi na 1807. Wanda ya ga ɗakin nan ya san hana ɗan Adam wurin kewayawa yana cikin manyan hanyoyin wulakanta shi.

HAYE GULBI

Daga Marina ake shiga jirgin ruwa mai inji, cikin 'yan mintoci a sauka a tsibirin Gberefu. Daga nan sai tafiyar ƙafa ta kamar rabin sa'a cikin rairayi da itatuwan kwakwa, a kan hanyar da aka ce ita bayi suke bi. A tsakiya akwai rijiyar da ake cewa ana shayar da su ruwanta don su manta da gida. Ƙarshen hanyar shi ne bakin teku, wurin da ake wa laƙabi da inda ba a komowa.

A nan ne aka gwada haƙurinmu. Rana ta take, rairayi ya yi zafi, ga ayarin 'yan makaranta a gabanmu sun fi hamsin, malamai uku suna kora su. Tun daga inda muka sauka har bakin teku idona bai faɗa kan wani allo da ya nuna makewayi ba, ko famfo, ko rumfar da tsoho zai zauna ya huta. Yara maza suka riƙa zamewa bayan itatuwa. 'Yan matan kuwa sai wata malama ta tattara su, ta ware zane biyu, manya suka riƙe aka yi musu shamaki. Yarinyarmu ma haka uwarta ta yi mata. Dattijonmu ya ɗauki butarsa ya yi nisa, ya komo yana cewa bai so ya yi haka a wurin da aka zubar da hawayen mutane ba, amma ba shi da yadda zai yi.

Masu karatu su lura, wuri ne da ake kawo baƙi tun daga Amurka da Barazil da tsibiran Karibiyan, jikokin waɗanda aka fitar, su zo su ga ƙasar kakanninsu. Mutumin da ya ƙetare teku ya zo da irin wannan nauyi a zuciya bai kamata a bar shi yana waige-waigen inda zai tsuguna ba.

WURAREN SHAN ISKA

Masu zuwa hutu zalla sun fi nufar wuraren shan iska na bakin ruwa, wasu a kan hanyar Seme, wasu ta wajen Iworo. A irin waɗannan ana biyan kuɗin shiga, akwai bukkoki na haya, da masu gasa kifi, da masu fasa ɗanyar kwakwa, da dawakin da ake hawa a ɗauki hoto. A wanda muka je akwai makewayi, amma ɗaki biyu ne kacal ga taron da ya cika fili, kuma sai an sake biya a ƙofa. Ƙofar na mata ba ta da sakata, dole wata ta tsaya ta tare wa wata. Ruwan kuwa a durom yake, yaro yana ɗebo wa mutum da gwangwani. Kafin la'asar durom ya ƙare, aka kulle ɗakunan, jama'a suka koma bin gaɓa. Babu wurin alwala, babu inda mutum zai ɗauraye gishiri da rairayi daga jikinsa, babu kuma kwandon shara sai tsibin robobi a gindin kwakwa.

Akwai wani abin da ya fi wannan haɗari. Tekun wannan gaɓa yana da igiya mai ƙarfi da take ja ta ƙarƙashi, har gwanin iyo tana iya rinjaya. Ɗan Arewa da ya saba da kogi ko kududdufi kada ya yarda ya wuce idon sawu, musamman inda bai ga tuta ko mai tsaron masu wanka ba. Haka nan kada a shiga jirgin haye gulbi sai an ba kowa rigar ruwa, har yara.

INDA AKE SAMUN SAUƘI

To, ina baƙo yake dosa? A iyakar abin da na gani, wurare huɗu ne. Na farko masallaci. A wani masallaci na cikin gari muka yi azahar, ladanin ya ga dattijonmu ya ce, "Baba, ga buta, bayi yana ta baya." Da muka ce akwai mata, sai ya kira matarsa ta shiga da su gida. Na biyu otal: idan ka sayi abinci ko abin sha, ba za a hana ka makewayi ba. Na uku gidan mai, in an yi sa'ar mabuɗi da ruwa. Na huɗu gidajen wanka da ba-haya na kuɗi da ke kusa da tasha da kasuwa, waɗanda direbobi da 'yan dako suke amfani da su. Mai shayi ko mai gyaran takalmi ɗan Arewa zai nuna maka mafi kusa, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Duk waɗannan alheri ne na mutane, Allah Ya saka musu. Amma alheri ba ya ɗaukar motar makaranta guda a lokaci ɗaya, ba kuma kowace mace ce za ta iya buɗe baki ta roƙi namijin da ba ta sani ba. Abin da baƙo yake bukata shi ne wurin da zai gani da idonsa ya shiga ba tare da ya yi wa kowa bayani ba.

ABIN DA YA SA AIKIN YAKE DA WUYA

Adalci ne a faɗi cewa gina makewayi a bakin teku ya fi wuya a kan gina shi a Kano ko Gusau. A ƙasarmu ta tudu mutum zai haƙa salga gaba da yawa bai tarar da ruwa ba. A Badagiri kuwa ƙasar rairayi ce, ruwa yana kusa ƙwarai, da damina ma ya fi matsowa sama. Ramin da ba a ɗaure shi da bulo ba rushewa yake yi, ƙazantar cikinsa kuma tana tsiyaya ta cikin rairayi ta tarar da rijiyar maƙwabci. Ƙa'idar da masana tsafta suke bi ita ce a nisanta masai daga rijiya da aƙalla mita 30, gindin ramin kuma ya ɗara ruwan ƙasa da mita ɗaya da rabi. A irin wannan ƙasa cika sharaɗi na biyu sai an ɗaga ginin sama, ko a yi rufaffen rami na kankare wanda mota za ta riƙa zuwa tana zuƙewa. Ga kuma iskar gishiri da take cin ƙarfe, ta lalata famfo da sakata da kwanon rufi cikin ɗan lokaci. Duk wannan kuɗi ne, amma rashin yinsa ya fi tsada. Gulbin da ƙazanta take gangarawa cikinsa shi ne wanda ake kamo kifin da ake gasa wa baƙi. Ba a manta ba, a watan Yuni na 2024 cutar kwalara ta ɓarke a Jihar Legas har ta yi kisa.

Ciwon kuma na ƙasa ne baki ɗaya. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna kimanin mutum miliyan 48 ne suke ba-haya a fili a Nijeriya. A watan Nuwamba na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umarni mai lamba 009, da nufin a kawo ƙarshen wannan al'ada kafin 2025. Ba a cim ma burin ba, aka kuma ɗaga wa'adin zuwa 2030. Amma Jigawa ta nuna abin mai yiwuwa ne, domin a watan Oktoba na 2022 aka bayyana ta a matsayin jiha ta farko da ta kai ga wannan matsayi.

SHAWARA GA HUKUMA DA 'YAN KASUWA

Maganin ba sabo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya san kasuwannin Kano da tashoshinta ya san gidan wanka da ba-haya: hukuma ta ba da fili, ɗan kasuwa ya gina, ya sa mai tsaro da mai wanki, ya karɓi 'yan kuɗi kaɗan a ƙofa. Abin da yake raya irin wannan gida shi ne akwai mai cin abinci da shi, domin makewayin da aka gina aka yanke kyalle aka watse, ba mai shara ba mai ruwa, wata uku ya isa ya zama kufai. Badagiri tana bukatar irinsa a shataletale, da Marina kusa da mashigar jirgi, da inda ake sauka a Gberefu, da kuma can bakin teku. A raba na maza da na mata, ƙofofinsu kada su kalli juna, a sa mace ta tsare na mata. A yi tankin ruwa da famfo mai aiki da hasken rana, da wurin alwala, da ɗaki guda mai faɗi marar matakala saboda guragu da tsofaffi. 'Yan makaranta a bar su su shiga kyauta, a cire kuɗin daga abin da ake karɓa na shiga gidajen tarihi. A kafa alluna masu hoto waɗanda ko wanda bai yi boko ba zai gane. Sa'an nan a maido da aikin duba-gari da ƙarfinsa, kada a sabunta wa wani wurin shan iska lasisi sai an ƙidaya ɗakunan kewayawarsa an gwada da yawan mutanen da yake tarawa.

Ribar tana komawa ga garin. Baƙon da ya sami inda zai kama ruwa ya yi salla cikin natsuwa zai zauna ya ci abinci, ya sayi man kwakwa da tabarma, wataƙila ma ya kwana. Wanda ya matsu kuwa hoto kawai zai ɗauka ya shige mota. Mu kanmu da niyyar kwana muka je, amma matan suka ce a koma Ikko, mai otal da mai kifi suka rasa cinikin mutum shida.

GA MAI NIYYAR ZUWA

Duk da haka ina ba kowa shawara ya je, domin gani ya kori ji. Ka yi sammako don ka tsere wa cunkoso. Ka riƙe butarka da jarkar ruwa da sabulu da ƙananan kuɗi. Idan da mata, a tafi da babban zane. Kowa ya kewaya a cikin gari kafin a shiga jirgi, a kuma haye da safe tun rana ba ta yi zafi ba. Malaman da za su kai ɗalibai su aika wani ya riga su, ya shirya da wani otal ko makaranta. In za ka bi hanyar Seme, ka riƙe katin shaidarka saboda shingayen jami'an tsaro. In kuwa larura ta kama ka a fili, ka nisanci ruwa da hanya da inuwar da mutane suke zama, kamar yadda malamanmu suka hore mu, ka kuma binne.

Kafin mu ga laifin mutanen bakin teku, sai mu waiwayi namu wuraren. Baƙon da ya zo kallon hawan salla, ko bikin kamun kifi na Argungu, ko ya hau Dala, ina muke nuna masa idan ya matsu? Tambayar da muka yi wa Badagiri tana jiran amsa a ƙofar kowace Ƙaramar Hukuma ta ƙasar nan. Hausawa sun ce baƙonka annabinka. Allah Ya ba shugabanninmu ikon sauke wannan nauyi, amin.